Darasi: Motar Gatsby Wane Launi Ce?

A daren da mota ta buge Myrtle Wilson a bakin garejin mijinta, 'yan sanda sun tsaya suna tambayar waɗanda suka ga abin. Michaelis, wani ɗan asalin Girka mai shagon sayar da kofi a maƙwabtan garejin, ya ce wa ɗan sandan da ya fara zuwa koriya ce mai haske. Wani mutum da motar ta wuce shi a guje can gaba ya ce rawaya ce, babba, sabuwa. Mu kuwa masu karatu mun san motar tun babi na huɗu, inda mai ba da labarin ya ƙare mata kallo da hantsi, ya ce ruwan madara ce, kujerunta na koriyar fata. Mota ɗaya, launi uku.

Wannan yana cikin babi na bakwai na The Great Gatsby, ƙagaggen labarin da F. Scott Fitzgerald ya rubuta, wanda kamfanin Scribner na New York ya fitar ranar 10 ga Afrilu, 1925. Littafi ne ɗan siriri mai babi tara, amma cike yake da sunayen launuka, kuma marubucin da gangan ya zuba su. Saura 'yan makonni littafin ya fito, daga Turai ya aika wa editansa Maxwell Perkins saƙon tangaraho yana neman a sauya sunan littafin ya koma wanda ke ambaton ja da fari da shuɗi, wato launukan tutar Amurka. Aka ce masa lokaci ya ƙure. A wannan darasi za mu bi waɗannan launuka mu ga aikin da suke yi, sannan mu dawo kan motar.

Alamtarwa

Masana adabin Hausa suna kiran wannan dabara alamtarwa: a ambaci abin da ido ke gani, a nufi abin da ido ba ya gani. Kowane Bahaushe yana yin ta tun kafin ya shiga aji. Muna cewa farin ciki da baƙin ciki, alhali ba wanda ya taɓa buɗe ciki ya duba. Muna cewa wane yana da farin jini, wance tana da jan hali, aikin nan jan aiki ne, maganar nan baƙa ce.

Amma ku lura da wani abu. Farin da ke cikin farin jini alheri ne. Farin da ke cikin farar ƙafa fa? Wannan tsiya ake nufi. Farin shiga kuwa rashin gogewa ne kawai. Yadi ɗaya ake yankawa a ɗinka rigar Juma'a, a yanka a yi likkafani. Ashe launi ba ya zuwa da ma'anarsa a ɗaure kamar ƙullin gishiri. Wurin da aka aje shi da abin da ke kusa da shi su ke ba shi ma'ana. Na tsaya a kan wannan ne saboda akwai ƙananan littattafan taimakon jarrabawa da ke jera wa ɗalibi cewa kore buri ne, fari tsarki ne, rawaya ruɓa ce, sai ya haddace. Wanda ya yi haka zai iya cin maki, amma bai karanta littafin ba.

Labarin a taƙaice

Bazarar 1922 ce. Nick Carraway, mai ba da labarin, ya taso daga tsakiyar Amurka zuwa New York don koyon cinikin takardun lamuni. Ya kama hayar ɗan gida kan dala 80 a wata a wata unguwa ta bakin ruwa a tsibirin Long Island, wadda marubucin ya raɗa wa suna West Egg. Nan masu sabon kuɗi ke zama. A ɗaya ƙetaren ruwan akwai East Egg, unguwar masu kuɗin gado, inda 'yar uwarsa Daisy ke zaune da mijinta Tom Buchanan.

Maƙwabcin Nick shi ne Jay Gatsby, mai katafaren gida da shagalin da ake kwana ana yi, ɗaruruwan mutane suna ci suna sha ba tare da sun san mai gidan ba. Sunansa na yanka James Gatz, ɗan talakawan manoma daga North Dakota. A 1917, yana ƙaramin hafsan soja, ya haɗu da Daisy a garin Louisville suka so juna. Ya tafi yaƙi a Turai. Ita kuma a 1919 ta auri Tom, wanda ya ba ta sarƙar lu'ulu'u ta dala 350,000. Gatsby ya dawo ya tara dukiya ta hanyar fasa-ƙwaurin giya, domin daga 1920 zuwa 1933 dokar Amurka ta hana sayar da ita, sannan ya sayi gidan da ke kallon na Daisy. Duk shagalin nan tarko ne, ko wata rana za ta leƙo. Shi kuma Tom yana neman Myrtle, matar wani bakanike mai suna George Wilson.

Ƙarshen ba daɗi. Daisy ce ke tuƙa motar Gatsby lokacin da ta buge Myrtle. Gatsby ya rufa mata asiri. Tom ya nuna wa Wilson mai motar, Wilson ya je ya harbe Gatsby ya harbe kansa, Tom da Daisy suka kwashe kayansu suka bar gari.

Koriyar fitila

A ƙarshen babi na ɗaya Nick ya fara ganin Gatsby da dare, shi kaɗai a tsaye a kan ciyawar gidansa, ya miƙa hannuwa wajen ruwa, jikinsa kamar yana rawa. Nick ya duba, bai ga komai ba sai wata 'yar koriyar fitila can nesa. Daga baya muke gane cewa a bakin gadar katakon da ake ɗaure jiragen ruwa a gidan Daisy take. A nan fitilar buri ce tsantsa, kuma nisanta shi ne ƙarfinta.

A babi na biyar sai ga Daisy a gidan Gatsby, bayan shekara kusan biyar. Suna tsaye a taga, ya ce mata da ba don hazo ba da sun hango gidanta da fitilar. Ta saƙalo hannunta cikin nasa. A daidai lokacin da ya kamata ya fi kowa murna, sai Nick ya lura cewa fitilar ta rasa girmanta a wurinsa, ta koma fitila kawai a kan gada. Ku dubi abin da marubucin ya yi: ya bar hazo ya rufe fitilar a ranar da matar ta zo. Bahaushe ya ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. Gatsby ya yi shekaru yana hange, ya shiga birnin kuma ya tarar bai kai hangen daɗi ba.

Karo na uku yana shafin ƙarshe, bayan an binne Gatsby. Nick ya kwanta a bakin ruwa da dare yana tuna matuƙan jiragen ruwa 'yan ƙasar Holand da suka iso wannan yanki a ƙarni na 17 suka ga tsibirin kore shar, ba gida ko ɗaya. Sai ya haɗa koren da suka gani da koren da Gatsby ya gani. A nan fitilar ta tashi daga zancen mutum ɗaya da mace ɗaya ta koma zancen ƙasa baki ɗaya, wato imanin Amurkawa cewa kowa zai iya baro asalinsa ya gina sabon kansa. Wani zai tambaya, koren tsibirin nan ba mutane a cikinsa ne kafin Turawa su zo? Akwai su, kuma Nick bai ambace su ba. Mai karatu na yau yana da damar ya riƙe wannan tambaya.

Sai kuma kuɗi. Tun zamanin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ake buga bayan takardar dala da koriyar tawada, don haka Ba'amurke ba ya ganin kore ya manta da aljihu. Shin Daisy Gatsby ke so, ko gidan da ta fito? Littafin bai raba su ba, domin shi ma Gatsby bai iya raba su ba.

Fararen kaya

Ranar da muka fara ganin Daisy, ita da ƙawarta Jordan Baker suna kishingiɗe a kan doguwar kujera, dukansu cikin fararen riguna da iska ke kaɗawa. Da Jordan ke ba da labarin 'yanmatancin Daisy a Louisville, ta ce farare take sawa, motarta ma fara ce. A ranar da za a yi hatsarin, cikin tsananin zafi, mun sake samun su biyun a kan kujera da fararen kaya.

Mai saurin yanke hukunci zai ce tsarki ke nan. To, Jordan an taɓa zarginta da maguɗi a gasar wasan golf, kuma Nick ya ce ba ta da gaskiya. Daisy ta kashe mutum da mota ta wuce, ba ta ko aika fure wurin jana'izar wanda ya mutu a madadinta ba. Farin nan na waɗanda ba sa taɓa ƙura ne: akwai mai wanki, akwai mai guga, akwai mai share ɓarnar da suka yi. Gatsby kallon kitse ya yi wa rogo, kuma karin maganar ta dace ƙwarai, domin farin ne ya ruɗe shi.

Akwai wani fari da ake yawan tsallakewa. A kan teburin cin abinci a babi na ɗaya, Tom ya ɓarke da zancen wani littafi da ya karanta wanda ke gargaɗin cewa sauran jinsuna za su rinjayi farar fata in ba a tashi tsaye ba. Fitzgerald ya sauya sunan littafin da na marubucinsa, amma irin waɗannan littattafai sun yi kasuwa a Amurka a lokacin, musamman na Lothrop Stoddard da ya fito a 1920. Mutum yana wannan magana, matarsa da baƙuwarsa suna zaune cikin farare, a gidan da aka gina da ja da fari. Ba na jin wannan haɗuwa katsaham ce.

Zinare da ruwan ɗorawa

Nan ne marubucin ya fi nuna gwaninta, a ganina, domin launuka biyu ne masu kama da juna ya raba musu aiki. A 1922 dalar Amurka tana jingine da zinare, shi ne ainihin dukiya. Rawaya kuwa, ko ruwan ɗorawa, daga nesa ko a ƙarƙashin fitila tana iya wucewa a matsayin zinare. Kama da wane dai ba ta wane.

Ku duba wa aka ba zinare. Jordan, 'yar manyan gida, ana siffanta hannunta da kafaɗarta da ruwan zinare. Daisy ma da zinare Nick ya siffanta ta, kamar 'yar sarki a can saman farar fada. Yanzu ku shiga shagalin Gatsby a babi na uku. Akwai 'yanmata biyu cikin riguna rawaya iri ɗaya, suka tare Jordan suna yi mata magana cike da zumuɗi, ita kuwa ba ta ma tuna su ba. Ba a ba su wani matsayi a labarin ba, ana ta kiransu da launin rigarsu. Har kiɗan da ake yi a wurin, Nick ya ba shi launin rawaya. Ta yaya kiɗa zai yi launi? Haka dai muke cewa murya tana da zaƙi ko magana tana da nauyi. Abin da yake so ku ji shi ne kiɗa mai ƙyalli, mai arha, wanda gari na wayewa ya bi iska.

Shi Gatsby ya san bambancin, shi ya sa yake ƙoƙarin sayen zinaren na gaske. Ranar da zai sake ganin Daisy ya sa farar kwat, riga ruwan azurfa, da laktaye ruwan zinare: mutum ya shigo sanye da launin kuɗi tun daga wuya har ƙasa. A ɗakin kwanansa kayan taje gashi na zinare ne zalla, kuma Daisy ta ɗauki burushin da murna ta gyara gashinta. Sai dai tsintar zinare daban, gadonsa daban. Tom bai buƙaci bincike mai zurfi ba kafin ya raina shi. Ya dubi kwat ɗin Gatsby ruwan hoda ya ce mai sa irin wannan bai yi kama da wanda ya yi karatu a jami'ar Oxford ba. Su masu kuɗin gado da kallo ɗaya suke gane baƙo.

Sannan rawaya ta bi labarin har inda ake mutuwa. Garejin Wilson ba a cikin ginin jan bulo yake ba, bulonsa rawaya ne. A ranarsa ta ƙarshe Gatsby ya ɗauki katifar roba mai iska ya nufi wurin ninkayar gidansa, wanda bai shiga ba duk bazarar, ya ɓace cikin bishiyoyin da ganyensu ya fara komawa rawaya. A ƙasarsu haka ganye ke yi in kaka ta shigo, kafin ya zube. Ku tuna littafin da koren bazara ya fara.

Sunan Daisy kansa sunan wani fure ne da aka sani a Turai da Amurka, mai fararen ganye a kewaye da rawaya a tsakiya. Masu sharhi suna son wannan ƙwarai. Ni dai na kawo muku shi, ku auna.

Toka

Tsakanin unguwannin masu kuɗi da birnin New York akwai wani fili da littafin ke kira kwarin toka. Wuri ne na gaske: jujin Corona a gundumar Queens, inda ake jibge tokar gawayin da birnin ke ƙonawa, wanda daga baya aka share aka mai da shi filin baje koli na duniya na 1939. A littafin komai na wurin toka-toka ne, motocin dakon toka, mazan da ke shebur, har ƙurar da ta lulluɓe kwat ɗin Wilson da gashinsa. Duk hasken da ake kunnawa a manyan gidaje, nan tokarsa ke ƙarewa. Masu fararen kaya ta nan suke bi kullum a jirgin ƙasa ko a mota, ba sa tsayawa sai in mai ya ƙare. Da Nick ya zo siffanta mai kisan yana tahowa ta cikin bishiyoyi, da launin toka ya siffanta shi.

A saman kwarin akwai tsohon allon talla na wani likitan ido, Dokta T. J. Eckleburg: manyan idanu shuɗaye, ba fuska, a bayan tabarau mai launin rawaya, rana da ruwan sama sun dushe fentin. Bayan mutuwar matarsa Wilson ya tsura wa allon ido yana zancen Ubangiji mai ganin komai, Michaelis ya tuna masa cewa talla ce kawai. A wannan kwari, abin da ya rage yana kallon mutane daga sama talla ce da mai ita ya manta da ita, kuma ta cikin rawaya take kallo.

Shuɗi da ja ba zan daɗe a kansu ba. Lambun Gatsby da ciyawarsa ana kiransu shuɗaye, direbansa shuɗin kaya yake sawa, kuma kwat ɗin farko da attajiri Dan Cody ya saya masa lokacin da ya sauya suna shuɗiya ce. Don haka wasu ke cewa shuɗi launin mafarkinsa ne. To amma motar Tom ma shuɗiya ce, kuma Tom ba ya mafarkin komai. Ciyawa da dare a ƙarƙashin wata ai shuɗi-shuɗi take yi. Wani lokaci launi launi ne kawai, kuma ɗalibi nagari yana iya faɗin haka ba tare da jin kunya ba. Ja kuwa a gidan Tom ya fara, a darduma da hasken falo, ya ƙare a siririn da'irar jini a kan ruwan da gawar Gatsby ke shawagi.

Mu koma kan motar

Yanzu kuna da abin da za ku amsa tambayar da shi. Nick ya ga ruwan madara a ranar da Gatsby ke nuna masa motar yana jiran yabo, launi ne da ke daf da farin su Daisy amma bai kai ba. Michaelis ya ga kore cikin duhun magariba, a ƙiftawar ido, kuma littafin ya faɗa cewa shi kansa bai tabbata ba. Sai dai marubucin yana da launuka da yawa da zai iya sa masa a baki, ya zaɓi launin fitilar. Bayan an zubar da jini, ban da shi, kowa rawaya yake cewa, har Tom, har Wilson da ya bi gari yana neman mai rawayar mota. Fentin bai sauya ba. Mai kallo ne ya sauya, da lokacin kallon.

Ita ma Myrtle abin da ta gani ne ya kashe ta. Da rana ta leƙo ta taga ta ga Tom yana tuƙa wannan mota, domin sun yi musaya da Gatsby a hanyar zuwa birni. Da dare ta gan ta tana dawowa, ta ruga titi tana ɗaga hannu, a zatonta Tom ne.

Fitzgerald ya rasu a watan Disamba 1940 yana da shekara 44, littafin bai yi kasuwar da ya yi fata ba. A lokacin yaƙin duniya na biyu aka raba wa sojojin Amurka kwafi kusan 155,000, daga nan ya shiga makarantu. Tun 1 ga Janairu, 2021 haƙƙin mallakarsa ya ƙare a Amurka, don haka ana samun sa kyauta a intanet, da Turanci.

Aikin mako

Ku karanta babi na biyu, ko wanda ya fi ku Turanci ya karanta muku. Myrtle ta sa riguna uku a wannan babi kaɗai: ɗaya a gareji, ɗaya a hanyar birni, ɗaya a ɗakin da Tom ya kama mata. Ku rubuta launin kowace, da yadda maganarta da tafiyarta suke a cikinta. Ku dubi ta ukun da kyau, ku nemo wane abu ne kuma a littafin yake da wannan launi. Akwai kuma tasin da ta zaɓa bayan ta bar guda huɗu sun wuce. Ku faɗi launinta, sannan ku yanke hukunci da kanku ko alama ce ko fenti ne kawai, ku zo da hujja.

Na biyu, ku kawo maganganun Hausa biyar masu launi a ciki waɗanda ba a ambata a wannan darasi ba, aƙalla ɗaya daga ciki ta zama wadda fari bai zo da alheri ba, ko baƙi bai zo da sharri ba.